Aji Ranar Litinin, Bakin Teku Ranar Asabar: Wa Ke Cin Gajiyar Koyarwar Sa Kai a Ghana?

Kowace shekara, musamman daga watan Yuni zuwa Agusta lokacin da jami'o'in Turai da Amurka ke hutu, filin jirgin saman Accra yakan karɓi ayarin samari da 'yan mata masu goye da manyan jakunkuna. Yawancinsu ba su wuce shekara 18 zuwa 25 ba. Sun zo koyarwa ne a makarantun firamare ba tare da albashi ba, wasu na mako biyu, wasu na wata guda, wasu na wata uku. Daga Litinin zuwa Juma'a suna gaban allo a wata makaranta a kewayen Accra ko Cape Coast ko yankin Volta. Da yammacin Juma'a kuwa sai su cika ƙananan motocin haya da ake kira trotro, su nufi Kokrobite ko Busua ko Ada Foah, su kwana biyu a bakin teku, su dawo ranar Lahadi da dare.

Jama'a sun rabu biyu a kan wannan al'ada. Wasu na ganin alheri ne tsantsa, tunda matashi ya bar jin daɗin gidansu ya zo ya taimaki yaran da ba su da malami. Wasu kuma na ganin yawon buɗe ido ne aka lulluɓe da mayafin taimako. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, amma duka biyun sun fi zuba ido a kan baƙon, niyyarsa da halinsa da inda yake kwana ranar Asabar. Wanda ya kamata a fara tambaya a kansa shi ne yaron da ke zaune a benci. Me ya ƙaru da shi bayan baƙon ya hau jirgi ya koma gida? Da wannan ma'auni ne kaɗai za a iya yi wa lamarin adalci.

Inda abin ya samo asali

Ghana tana da matsayi na musamman a tarihin wannan aiki. Ta samu 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957, gwamnatin Kwame Nkrumah kuma ta duƙufa wajen gina makarantun sakandare da kuɗin koko. Gine-gine suka yi ta tashi, amma malaman da za su koyar da lissafi da kimiyya ba su wadata ba, domin horar da malami yana cin shekaru fiye da gina aji. A daidai wannan lokaci ne Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar masu aikin sa kai ta VSO a Birtaniya a 1958. Bayan shekara uku, a watan Maris na 1961, shugaban Amurka John F. Kennedy ya kafa Peace Corps. Rukunin farko da ya fara aiki a ƙarƙashinta a duk duniya a Ghana ya sauka, a ƙarshen watan Agustan 1961, mutum kimanin 50, kuma koyarwa a makarantun sakandare suka zo yi. Japan ta kafa nata shirin a 1965, Jamus kuma ta ɓullo da shirin weltwärts na matasa a 2008.

Abin lura game da rukunin farkon nan shi ne yadda aka tsara zuwansu. Gwamnatin Ghana ce ta amince da su, ita ta rarraba su inda take da giɓi. Sun gama jami'a, an ba su horo kafin su taso, an koya musu wani abu daga harshen Twi. Zaman shekara biyu suka zo yi. Har yanzu tsarin Peace Corps bai canja sosai ba: horo na kimanin wata uku, da ya haɗa da koyon harshen mutanen wurin, sannan aikin shekara biyu da ɗan alawus daidai da rayuwar garin da aka tura mutum. Wanda ya yi shekara biyu a makaranta ɗaya yakan ga ɗalibinsa ya shiga aji ya fita, ya san wanda ke zuwa da yunwa, ya san wanda mahaifinsa ke janye shi lokacin girbi.

Duk da haka tun a wancan zamani an samu masu suka. A 1968 malamin nan Ivan Illich ya tsaya gaban wasu matasan Amurka masu zuwa aikin sa kai a ƙasar Meziko, ya faɗa musu cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Ya shawarce su da su zo su ga ƙasa, su yi karatu, su koyi harshe, amma su daina ɗaukar kansu masu ceton talakawan da ko maganarsu ba sa ji. Fiye da shekara 50 ke nan, kuma ƙorafin nasa ya fi dacewa da yau fiye da lokacin da ya yi shi.

Yadda taimako ya koma haja

Daga shekarun 1990 zuwa yau wani sabon salo ya bunƙasa. Al'adar ɗaukar hutun shekara guda tsakanin sakandare da jami'a ta yaɗu a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai, kuɗin jirgi ya sauka, intanet ta sauƙaƙa talla. Kamfanoni masu zaman kansu suka shigo, suna sayar wa matasa damar zuwa aikin sa kai. A wannan tsari matashin ne ke biya, daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai gwargwadon tsawon zamansa, ban da kuɗin jirgi da biza da allurar rigakafin shawara wadda Ghana ke buƙata kafin a shiga, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Sharaɗin shiga a wurare da dama bai wuce mutum ya kai shekara 18 kuma yana jin Turanci ba.

Da zarar mai sa kai ya zama mai biya, to alƙibla ta juya. Kamfani yakan tsara kayansa ne daidai da abin da mai saye ke so, mai saye kuwa yana son zama gajere, wuri mai lantarki da intanet, abokai sa'anninsa, da abin kallo a ƙarshen mako. Shi ya sa tallan irin waɗannan shirye-shirye yakan jera hotuna biyu kusa da juna, na yara suna dariya a cikin aji da na bishiyoyin kwakwa a bakin ruwa. Ghana ta dace da wannan kasuwa ƙwarai: Turanci ne harshen hukuma, akwai zaman lafiya da sauyin mulki ta hanyar zaɓe tun 1992, tafiyar jirgi daga Landan ba ta wuce awa bakwai ba, ga gaɓar teku mai tsawon fiye da kilomita 500.

Kuɗin da matashin ya biya yakan rabu gida-gida. Wani kaso yana zuwa ga iyalin da suka ba shi masauki da abinci, wani ga wakilin kamfanin a Ghana wanda ke tarbarsa, wani kuma yana tsayawa a babban ofishi a Turai ko Amurka don talla da albashi da riba. Makarantar da aka yi tallan da sunanta sau da yawa ba ta ganin komai sai baƙon kansa da ɗan abin da ya riƙo na fensir da littattafai. Wannan ya sa a 2007 ita kanta VSO ta fito ta gargaɗi matasan Birtaniya cewa da su zuba kuɗi a shirye-shiryen da ba su amfanar kowa sai kamfanonin da suka tsara su, gara su yi yawon buɗe idonsu kai tsaye.

Abin da ke faruwa a cikin aji

Buƙatar malamai gaskiya ce. Rahoton UNESCO na 2024 ya nuna cewa ƙasashen Afirka kudu da Sahara na buƙatar ƙarin malamai miliyan 15 kafin 2030. Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta cewa kusan yara 9 cikin 10 a wannan yanki sukan kai shekara 10 ba su iya karanta gajeren labari su fahimce shi ba. Sai dai girman ciwo ba ya nufin kowane magani ya dace da shi.

Matsala ta farko ita ce harshe. Tsarin ilimin Ghana ya tanadi a fara koya wa yaro karatu da harshen gida a ƙananan azuzuwa, kafin a koma Turanci gaba ɗaya daga aji huɗu. Akwai harsuna 11 da gwamnati ta amince a yi amfani da su, cikinsu har da Twi da Fante da Ewe da Ga da Dagbani. Yarinya 'yar shekara bakwai a ƙauyen masunta kusa da Elmina da Fante take tunani. Idan aka tsayar mata da baƙuwa daga Jamus ko Amurka mai Turanci da lafazin da ba ta taɓa ji ba, abin da za ta iya shi ne maimaita sauti. Ajin zai cika da amo, baƙuwar za ta ji daɗi cewa yara suna amsawa, alhali fahimta ba ta shiga ba. Abin takaici kuma shi ne ƙananan azuzuwan nan ne aka fi tura masu sa kai, bisa zaton cewa koyar da ƙananan yara abu ne mai sauƙi. Duk malamin da ya san aikinsa zai shaida cewa dasa wa yaro tushen karatu shi ne mafi wuya a sana'ar.

Ta biyu ita ce manhaja. Karatu a jere yake tafiya, darasin yau a kan na jiya yake hawa. Yaron Ghana yana yin shekara biyu a ajin share fage, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, sannan ya zauna jarrabawar BECE wadda ke yanke makarantar da zai shiga gaba. Mai sa kai na mako uku bai san inda aka tsaya ba, bai san inda aka dosa ba. Abin da ya fi sauƙi gare shi shi ne launuka da sunayen dabbobi da sassan jiki da waƙoƙi. Idan ya tafi, wanda ya biyo bayansa shi ma daga nan zai fara. Haka yaro zai yi ta zagaye a wuri ɗaya, yana ganin sababbin fuskoki, karatunsa bai motsa ba. Ga kuma rashin daidaiton lokaci: a tsarin da aka saba, watannin da baƙin suka fi zuwa su ne na ƙarshen shekarar karatu a Ghana, lokacin bita da jarrabawa da dogon hutu.

Ta uku ita ce martabar malamin gida. A 2018 Ghana ta wajabta wa sababbin malamanta cin jarrabawar samun lasisi kafin su kama aiki, bayan shekarun da suka yi a kwalejin horon malamai. Akwai kuma waɗanda suka gama duk wannan suna zaune a gida suna jiran gwamnati ta ɗauke su. A irin wannan hali, idan aka miƙa alli ga wanda ya gama sakandare watanni kaɗan da suka wuce, malamin ajin kuma ya koma gefe yana kallo, yara suna koyon wani darasi da ba a rubuta a allo ba, wato farar fata da fasfo sun fi takardar shaidar koyarwa. Babu wata makaranta a Jamus ko Ingila da za ta yarda matashi daga Kumasi ya shiga ajinta ya koyar ba tare da takarda da binciken 'yan sanda a kan halinsa ba. Yaron Ghana bai gaza nasu daraja ba.

A wasu ƙananan makarantu masu zaman kansu kuma, baƙon yakan zama abin talla ga iyaye, ko dalilin ƙin ɗaukar malami mai albashi. Shugaban makaranta da wuya ya ce a'a, domin karɓar baƙo al'ada ce, kuma akwai fatan wata rana baƙon zai aiko da kwamfuta ko kuɗin rufin aji.

Wannan ba ya nufin babu amfani ko kaɗan. Inda aka sa mai sa kai ya zama mataimaki a ƙarƙashin malamin aji, yakan iya zama da yara huɗu ko biyar da aka bari a baya ya yi ta maimaita musu karatu, abin da malami mai yara 60 ba zai samu sarari ya yi ba. Yakan iya tsara ɗakin karatu, ya taya duba aikin gida, ya koya wa manyan ɗalibai amfani da kwamfuta. Ƙwararren malamin lissafi ko kimiyya ko na masu buƙata ta musamman, wanda ya zo ya zauna shekara guda yana aiki kafaɗa da kafaɗa da malaman gida, yakan bar abin da zai daɗe. Akwai kuma waɗanda zaman ya canja musu rayuwa, suka koma gida suka ci gaba da biya wa yara kuɗin makaranta shekara da shekaru. Bambancin duka yana ga abu uku: ƙwarewa, tsawon zama, da wanda ke riƙe da ragamar ajin.

Bakin teku: laifi ne ko hakki?

Masu suka sukan ɗauki hoton ƙarshen mako a matsayin hujjar cewa aikin duka wasa ne. A nan sun yi tsauri. Wanda ya yi aikin kwana biyar yana da hakkin hutawa, kuma malaman Ghana su ma suna hutawa Asabar da Lahadi. Ƙari a kan haka, kuɗin da baƙo ya kashe a Busua ko Kokrobite yana shiga aljihun direban trotro, da mai gasa kifi, da mai sayar da kenke, da saurayin da ke koyar da wasan hawa igiyar ruwa, da mai ƙaramin masauki. Sau da yawa wannan kuɗi ya fi isa hannun 'yan ƙasa kai tsaye fiye da wanda aka biya kamfani a Turai.

Gaɓar tekun Ghana kuma makaranta ce ga wanda ya zo da niyyar koyo. A Elmina akwai ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, a Cape Coast akwai wadda Ingilishi suka riƙe, kuma UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Daga kurkukun ƙarƙashin ƙasa na waɗannan gine-gine aka yi ta loda bayi zuwa nahiyar Amurka, da yawansu an koro su ne daga arewa ta kasuwar Salaga. Matashin Bature da ya tsaya a wannan duhu ya saurari mai yi masa bayani zai fahimci dangantakar nahiyarsa da wannan ƙasa fiye da yadda littafi zai koya masa. Idan ya buɗe ido zai ga masunta suna jan koma da asuba, ya ji kukansu kan ƙarancin kifi da ɓarnar manyan jiragen kamun kifi, ya ga yadda ba a fita su ranar Talata a garuruwa da dama bisa al'ada. Zai ga yadda ruwa ke cinye gidaje a yankin Keta, da tulin tsummokaran gwanjo da aka shigo da su daga ƙasashen Turai suna taruwa a bakin ruwan Accra. Zai kuma ga yaran da ba su zo aji ranar Juma'a ba suna talla ko taya iyayensu jan igiya.

Akwai haɗari da ya wajaba a faɗa. Ruwan Tekun Gini yana da igiya mai ƙarfi da ke jan mutum daga gaɓa zuwa ciki, masu ceto kuma ba su da yawa a mafi yawan wuraren, ana kuwa samun nutsewar 'yan ƙasa da baƙi. Wanda igiyar ta kama kada ya yi kokawa da ita kai tsaye, sai ya yi iyo a gicciye, daura da gaɓa, har ya fita daga cikinta. Tafiyar dare a kan hanyar Accra zuwa Takoradi ita ma ba abin wasa ba ce. Da ɗan gari akan ci gari, don haka inda masunta suka ce kada a shiga, to kada a shiga.

To ina matsalar take? Tana wuri biyu. Na farko shi ne lokacin da ƙarshen mako ya fara cin ranakun aiki, a bar aji tun hantsin Juma'a don a kama mota, a dawo Litinin da rana a gajiye. Malamin da ake biya ba zai yi haka ya kwana lafiya ba, amma mai sa kai da ya biya kuɗinsa babu mai iya tsawata masa.

Na biyu ya fi zurfi, kuma shi ne zuciyar wannan batu. Teku ce ke yanke inda ake tura masu sa kai. Shirye-shiryen gajeren zama sun fi taruwa a kudu, inda za a iya isa bakin ruwa cikin 'yan awoyi. Ƙarancin malamai kuwa ya fi tsanani a jihohi biyar na arewa da ƙauyukan da ke nesa da kwalta, inda har yanzu ake samun yara suna karatu a gindin bishiya, inda kuma 'yan mata ke barin makaranta su gangara Accra da Kumasi su yi dako a kasuwa, waɗanda ake kira kayayei. Daga Tamale zuwa Accra tafiyar kimanin kilomita 600 ce, yini guda a mota. Ba a zuwa teku daga can a dawo cikin kwana biyu. Ko a cikin Accra ɗin ma, makarantun unguwannin zango irin su Nima da Mamobi da Sabon Zango, inda Hausa ce harshen titi, ba su ne ake gani a hotunan talla ba. Idan taimako yana bin inda ake shaƙatawa maimakon inda ake buƙata, to a fili yake cewa don mai zuwa aka tsara shi.

Gidajen marayu da hotunan yara

Akwai ɓangaren da ya wuce rashin amfani ya kai ga cutarwa. Shirye-shirye da dama sukan haɗa koyarwa da zama a gidan marayu. Ƙungiyoyin kare hakkin yara, cikinsu har da Lumos wadda marubuciya J.K. Rowling ta kafa, sun daɗe suna bayyana cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da aƙalla mahaifi ɗaya a raye. Talauci ne ya raba su da gida. Inda baƙi ke biyan kuɗi don su ga marayu, sai a samu masu buɗe gidaje suna karɓo yara daga iyaye da alkawarin ilimi. Yaron da ya shaƙu da baƙuwa yau, ta tafi bayan wata guda, wata ta zo ita ma ta tafi, yakan tashi da rauni a zuciya. A 2018 Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'i na bautar zamani. Wannan ƙofa ce da ya kamata a rufe ta gaba ɗaya ga mai zaman gajeren lokaci.

Sai batun hoto. A watan Oktoban 1961 wata matashiyar Peace Corps da ke karɓar horo a jami'ar Ibadan ta rubuta katin wasiƙa tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka rarraba, aka yi zanga-zanga, ta bar Najeriya. Kati ɗaya ke nan. Yau kowane baƙo yana da waya, kuma hoton yaro da tsagaggen yunifom yakan zagaya Instagram da Facebook ba tare da iyayensa sun sani ba. Yaron talaka ma yana da mutunci da sirri.

Mu ma mun san malamin baƙo

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan zance. Waɗanda suka yi sakandare a arewacin Najeriya a shekarun 1970 da 1980 suna tuna malamansu 'yan Indiya da Pakistan da Masar da Ghana. Ana tuna su ne saboda sun san fanninsu kuma sun zauna shekaru. Nijar ta karɓi 'yan Peace Corps tun 1962 har zuwa Janairun 2011 da matsalar tsaro ta sa aka kwashe su, da yawansu kuma sun koma gida da Hausa ko Zabarmanci a baki. Mun kuma san 'yan bautar ƙasa, shirin da Najeriya ta kafa a 1973, da yadda ake tura wanda bai karanci koyarwa ba ya riƙe aji, da irin giɓin da yakan bari idan shekararsa ta cika.

Najeriya ita ma tana aikawa. Tun 1987 take tura malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, irin su Gambiya da Uganda da Jamaika da Fiji, a ƙarƙashin shirinta na taimakon ƙwararru. Ƙasar da ke buƙata ce ke nema, ƙwararru ake turawa, zaman shekara biyu suke yi. Kafin duk wannan, a Ghana ɗin kanta, akwai Alhaji Umaru wanda aka haifa a Kano, ya bi hanyar fataken goro zuwa Salaga, ya zauna a Kete-Krachi yana karantarwa har ya rasu a 1934. Har yau ana ambatonsa a zangunan Ghana saboda almajiran da ya yaye. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Ilimin yaro kuwa yana buƙatar wanda zai kai rana tare da shi.

An ga gaskiyar haka a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa Peace Corps ta kwashe mutanenta kimanin 7,000 daga duk duniya, kamfanonin gajeren zama kuma suka tsaya cik. Da aka sake buɗe makarantun firamare na Ghana a Janairun 2021, malaman gida ne suka tsaya gaban allo.

Abin da ya kamata

Matashin da ke son zuwa ya tambayi kansa ko za a ba shi aji a ƙasarsu da takardun da yake da su. In amsar a'a ce, to ya zo a matsayin mataimaki, ya bi umarnin malamin aji. Ya nemi kamfani ya nuna masa a rubuce nawa ne ke isa makarantar. Ya zauna aƙalla zangon karatu guda cikakke, daga buɗewa zuwa rufewa, ya koyi gaisuwa da ƙirga da harshen yaran, ya bar wa na bayansa bayanin inda ya tsaya. Ya nisanci gidan marayu, kada ya ɗauki hoton yaro sai da izinin iyaye. Wanda mako biyu kaɗai gare shi ya zo yawon buɗe ido da sunansa na gaskiya, ya kwana a masaukin 'yan ƙasa, ya ci abincinsu, ya ziyarci Elmina, in yana da sauran kuɗi ya ba makaranta ta biya malamin gida. Babu abin kunya a wannan, kuma ya fi amfani.

Nauyi mafi girma yana kan masu masauki. Hukumomin ilimi da shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye, a Ghana da duk ƙasar da ke karɓar irin waɗannan baƙi, su ne ya kamata su gindaya sharaɗi: wa zai zo, da wace takarda, na tsawon wane lokaci, a wace makaranta. Ƙasar da ta wajabta wa 'ya'yanta lasisi kafin su koyar tana da cikakken iko ta tambayi baƙo nasa. Hutun bakin teku hakkin kowa ne, amma aji amana ce. Kada a miƙa amanar yaro ga kowa, ɗan gida ko baƙo, sai wanda ya iya aikin kuma ya shirya zama har ya ga sakamakonsa.